Ƙafar Gaban Mai Fifita

'Yata Likita,

A gaban firiji na gane kawunki ya mutu. Ba a asibiti ba, ba kuma lokacin da aka fita da shi ba. Duk wannan kallo kawai nake yi, kamar a gidan wasu ake yi. Sai da masu gaisuwa suka fara raguwa, wata safiya na buɗe firiji zan ɗauko madara, hannuna ya taɓa 'yar kwalbar nan tasa mai jan murfi a bayan ƙwai. Na ɗaga ta wajen haske. Ƙuda ɗaya ne a ciki, ya kwanta rigingine, ƙafafu a naɗe. Ke kin san halinsa. Bai taɓa barin ƙuda a sanyi ya wuce tafasar ruwan shayi ba. Ya sa shi ya ɗan sandare, ya ɗauke shi hoto, ya buɗe taga ya ce masa, "Allah ya kiyaye hanya." Shekara da shekaru bai kashe ko ɗaya ba. Da na ga wannan a mace, sai na ce a raina, to lallai mutumin nan ba zai sake hawo benen nan ba. Na zauna a ƙasan kicin, ƙofar firiji a buɗe, na yi kukan da ban yi ba ranar.

Ki yi haƙuri na fara da wannan ban gaishe ki ba. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya sanyin can? Mu muna nan da godiyar Allah, sai gwiwata da ba ta son matakala. Na ga kiran da kika yi ta yi. Ban ɗauka ba ne don in na buɗe baki murya ƙin fita take yi. Rubutu a gilashin waya kuma ba nawa ba ne, yatsa ɗaya sai ya danna baƙi uku. Shi ya sa na nemi takarda. Karatuna bai yi nisa ba, inda na yi kuskure ki gyara a ranki.

An gaya miki yadda abin ya faru, amma ki ji daga bakina. Da safe ya kama ƙudan a baranda ya sa a firiji, sai wani ya ƙwala sallama daga ƙasa, ya zo karɓar agogonsa. Ya ce min, "Ɗora ruwan, yanzu zan hawo." Ya sauka shago da silifas. Mutumin ya ce yana cikin ɗaura masa agogon a hannu sai ya ga ya jingina da kanta. Shi ke nan. Zuciya ce, in ji su.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yayanki ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a sama ba da gwiwa irin tawa. Ya gyara min ɗaki a wurinsu, ya kuma faɗa wa mai gidan nan za mu saki ɗakunan da shagon in ruwa ya ɗauke. Ban musa ba. Amma akwai ƙudan nan da kawunki yake bi, wanda ya laƙa wa suna Mai Fifita, ɗan baƙi mai ƙugun tururuwa, mai kaɗa fukafukai kamar yana yi wa wani fifita. Ku biyu kun yi ta aika wa juna hotunansa, ina jin ku a waya kuna musu kamar masu rabon gado. Dangi har mamaki suke yi. Kakarki ce kawai ƙanwar babansa, amma ƙuda ya haɗa ku zumuncin da 'yan ɗaki ɗaya ba su yi ba. Duk ƙudajen da ke cikin wayarsa ya rubuta musu suna a ƙasa, irin dogayen sunayen nan naku masu kama da na magani. Wannan kaɗai alamar tambaya ce a ƙarƙashinsa. Kuma a barandarmu kaɗai ya taɓa ganinsa.

Ina so in san sunansa kafin in bar gidan nan. Ban san me zan yi da sunan ba, kada ki tambaye ni. Na sa yayanki ya tura miki duk hotunan. Ki duba littattafanki ki faɗa min.

Innarki

*

Inna,

Ina gaishe ki da kyau, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. A tsaye na karanta wasiƙarki a bakin ƙofa, ko takalmi ban cire ba, kuma ban iya cin abinci ranar ba. Ni lafiyata lau, aiki ne dai ya yi yawa, an rage mana mutane a ɗakin gwaji. Na ga har yanzu Likita kike ce min. Shi ya laƙa min, alhali jinin mutane kawai nake aunawa. Yanzu ba mai kirana haka sai ke. Kada ki daina.

Maganar Mai Fifita. Ni ma ba gwana ba ce, Inna, Kawu ne ya koya min kallon ƙananan abubuwa. Abin da na fi shi kawai madubin wurin aiki da littattafai biyu. Danginsa mun sani tuntuni, Sepsidae ake ce musu. To amma dangin da yawa suke, kamar namu, kuma duk kamarsu ɗaya. Abin da ke raba su yana cinyar ƙafar gaba ta namiji. Akwai wasu 'yan ƙayoyi da ɗan ƙululu a wurin, kowane iri da tsarin nasa. Na sake duba hotunan Kawu ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu mata ne, 'yan mazan kuma daga sama ya ɗauke su, ƙafar ta ɓuya a ƙarƙashin jiki. Da waɗannan hotunan ba abin da za a iya yi.

Amma kin ce akwai ɗaya a kwalba. Idan namiji ne, an gama. Ki kwantar da shi a 'yar auduga cikin kwalin ashana ki aiko min. Zan cire ƙafar in sa a ƙarƙashin madubi, yini ɗaya ya ishe ni.

Ki riƙa shafa wa gwiwar nan ruwan ɗumi, ki kuma rage sauka ba dalili. Ki gaida Yaya da matarsa da yara.

'Yarki Likita

*

Inna,

Ina fatan lafiya. Shirun ya yi yawa, kullum sai na leƙa akwati in ga ba komai. Na kira Yaya, ya ce lafiyarki ƙalau, wasiƙata ma ta iso tuni, kin karanta kin tura ta ƙarƙashin keken ɗinki. Na ce ya ba ki waya, ya ce kin ce hannunki da sabulu.

Inna, in wani abu na faɗa ya ɓata miki rai, ki faɗa min. Na yi ta tuna abin da na rubuta ban gano ba. A gajiye na rubuta, bayan aiki. Ko zagi ne ki aiko, na fi son shi da shiru.

'Yarki

*

'Yata,

Na gaishe ki, ina kuma neman afuwa. Lafiyata lau, gwiwa ma ta ɗan yi sauƙi. Tunda kin ce in faɗa, bari in faɗa. Fushi na yi.

Da na karanta "ba abin da za a iya yi", sai na ga mutumin nan durƙushe a baranda, madubin gyaran agogonsa ɗaure a bayan waya da roba, yana riƙe numfashi har fuskarsa ta canza, shayinsa yana hucewa. Na ce wato duk a banza ke nan? Sannan kika ce za ki cire ƙafa. Abu na ƙarshe da ya taɓa da hannunsa a ɗakin nan, a kwashe shi a kwalin ashana a je a yanka. Sai na ji kamar shi za a taɓa.

Maƙwabciyata Uwar 'Yan Biyu ce ta same ni ina huci. Kin tuna ta, mai muryar nan da ake ji tun daga bakin titi. Na miƙa mata takardar na ce, "Karanta ki ga yadda 'ya'yan yanzu suke raina manya." Ta karanta har ƙasa ta ce, "Yaya, ni ban ga raini a nan ba. Ke kika tambayi yarinya suna, ta ce ga inda sunan yake. In aka kawo miki yadi aka ce ki ɗinka riga ba awo, me za ki ce?" Na ce, "Sai in ce a kawo awo." Ta ce, "To awo ta ce a kawo." Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Da ta fita na ɗauko madubinsa na maƙala a ido, karo na farko a rayuwata. Da farko gashin idona kawai nake gani. Da na saita, sai ga ƙudan kwalbar ya cika min ido kamar ɗan tsako. Likita, jajayen idanu gare shi, jikinsa ruwan ƙasa, ba ƙugun tururuwa, ba ɗigon baƙi a bakin fiffike. Ba Mai Fifita ba ne! Irin 'yan banzan nan ne masu bin ayaba. Makonni ina gadinsa kamar zinariya. Na yi dariya har da hawaye, na ce kai Mai Agogo, har ka tafi ba ka daina wasa da hankalina ba. Na buɗe taga na juye shi, na yi masa addu'ar hanya yadda yake yi musu.

Sai na ce to, bari in kama da kaina. Na fita baranda da kwalba, na duba bango, na duba ƙarfen shanya. Ko ɗaya babu. A nan na lura tsohon bokitin nan na lungu ba ya nan, wanda yake tara ɓawo da ganyen shayi a ciki yana rufewa da buhu. Na leƙa na kira Uwar 'Yan Biyu. Ta ce, "Wanne? Mai warin nan? Ai tun kwanakin gaisuwa muka zubar. Ga baƙi cike da gida, ga abu yana tashi kamar mushe. Ni da hannuna na wanke shi da omo da ruwan zafi, ga shi can ma na sa miki tsintsiya a ciki." Tana faɗa tana jiran in gode mata. Na ce, "Kin rushe musu gari." Ta ce, "Su wa?" Da na yi mata bayani ta riƙe haɓa ta ce, "Wai ƙuda kuke kiwo a gidan nan? Ni na ɗauka ƙazantar maza ce kawai." Sai kuma idonta ya kawo ruwa. Ba laifinta ba ne, alheri ta yi.

Yanzu na sake haɗa bokitin. Ɓawon ayaba, ɓawon lemo, ganyen shayi, na yayyafa ruwa na rufe. Ita ma tana kawo min nata ɓawon, tana toshe hanci. Ki koya min yadda ake ɗaukar hoton. Yayanki ya fara kawo kwalaye.

Innarki

*

Innata,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Ina lafiya, ina fatan kema haka. Ki yafe min. Na saba rubuta sakamakon gwaji, akwai ko babu, sai na yi miki magana kamar takardar asibiti. Hotunan Kawu ba banza ba ne. Da su muka gano dangin, kuma na nuna wa wasu masu sha'awar ƙwari irinmu, ba wanda ya yarda da madubin agogo da roba aka ɗauke su. Shi ma ya san ƙafar ce ta rage. Na sha ce masa ya jefa ɗaya a sifirit ya aiko min mu huta. Sai ya ce, "Likita, wanda ya zo barandata baƙona ne. Kin taɓa ganin an yanka baƙo don a san sunansa?"

Ga yadda yake yi. Ki kifa kwalba a kan ƙudan, ki zura takarda ta ƙasa, ki rufe. Firiji, ba wurin ƙanƙara ba. In ruwan shayi ya tafasa ki fito da shi ki juye a farar takarda kusa da taga, hasken safe ya fi. Zai kwanta ta gefe, haka muke so. Ki kafa gwiwar hannu biyu a tebur. Kada ki matsa komai a wayar don kusantowa, ke za ki riƙa matsowa a hankali har ƙafar ta fito tar. Ki ɗauka da yawa, don in ya ji ɗumi tashi zai yi ba sallama. Namiji siriri ne, ƙarshen cikinsa da ɗan dunƙule, cinyarsa ta gaba ta fi kauri. Mace cikinta ya fi cika, ƙafarta sumul.

Sai dai ina da shakka kan bokitin. Ɓawo kaɗai masu jan ido zai kawo miki. Dangin Mai Fifita taki suka fi so. Na tabbata akwai abin da Kawu yake ƙarawa bai faɗa miki ba, don ya san abin da zai biyo baya. Ki bincika.

Ki gaida min Uwar 'Yan Biyu, ki ce na gode da ta tsaya min.

'Yarki Likita

*

'Yata Likita,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ƙaramin jikana ne ya yi zazzaɓi amma ya warware, har ya koma fasa musu kofuna.

Gaskiyarki. Bokiti ya cika da masu jan ido, har cikin kicin suka biyo ni, Mai Fifita ko ƙyallinsa. Na zauna ina tunanin inda mutumin nan yake zuwa ba da ni ba. Sai na tuna wani lokaci yakan ɗauki gwangwanin madara ya ce zai je gaida mai furanni na kan kwana. Na lallaɓa na sauka. Mai furanni na ganina ya cire hula ya yi min gaisuwa, ya ce, "Mama, tun rasuwar nake son hawowa, kunya ta hana ni." Na ce, "Me maigidana yake karɓa a nan?" Ya sosa ƙeya ya kalli gefe. Na ce, "Faɗi, ba zan ci ka ba." Ya ce, "Kashin shanu ne, Mama. Ɗanye yake so, wanda bai bushe ba. Ya ce in kika taɓa tambaya in ce ƙasar shuka ce." Ka ji mutum! Shekaru ina shanya zannuwana a kan kashin shanu. Na miƙa masa gwangwani na ce ya cika. Ya ƙi karɓar komai, ya ce agogon hannunsa ma Baba ne ya tayar masa da shi.

Kafin su zo na yi ta koyon ɗaukar hoto. Na fara da ramin allura, sannan ƙwayar sukari, sannan wata tururuwa da ta ƙi ba ni haɗin kai. Hannuna rawa yake yi. Sai na tuna yadda nake zura zare, in fitar da numfashi rabi in tsaya. Da haka ya ɗan zauna. Rabin hotunan dai babban yatsana ne.

Sannan wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na ɗaga buhun, sai ga su a bakin bokiti. Uku ko huɗu, baƙaƙe suna sheƙi, suna tafe suna fifita, suna tafe suna fifita. Likita, gaishe su na yi. Na ce, "Sannunku da zuwa, mai gidan ba ya nan." Ban iya kama ko ɗaya ranar ba, zama na yi ina kallo. Ashe abin da yake gani ke nan. Ni da nake ce masa ƙuda ƙuda ne.

Washegari na kama biyu, duk mata. Ana nan sai na samu siriri mai kaurin cinya. Na sa shi a firiji na ɗora ruwa, na tsaya a kan butar kamar mai jiran haihuwa. Ina cikin ɗauka yayanki ya shigo da igiyar ɗaure kaya. Ya ce, "Umma, me kike yi haka?" Na ce, "Rufe ƙofa, kana kawo iska." Ya rufe ƙofar, ya ce, "Wallahi ta baya na ɗauka Baba ne." Ya fita baranda ya daɗe bai shigo ba.

Ya tura miki hotuna tara da suka fi kyau. Ki duba da wuri, ruwa ya fara ja baya, labule ma na sauke.

Innarki

*

Inna,

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni da jinkiri, mura ce ta kwantar da ni, sannan na jira wani dattijo da ya fi ni sani ya duba, shi kuma ba ya sauri. Na so in kira ki, na tuna ba kya ɗauka.

Namiji ne, kin kama daidai. Hoto na shida ya yi kyau har na sa shi a fuskar wayata. Da shi muka zubar da iri da yawa, saura biyu. Ɗaya yana da 'yar ƙaya guda a tsakiyar cinya kafin ƙululun, ɗayan ba shi da ita. Kuma daidai wurin ne ƙafarsa ta tsakiya ta gitta ta rufe. Inna, kamar da gangan. Kawu bai taɓa kawo mu kusa haka ba.

Hoto ɗaya ya rage, daga gefe, ƙafar gaba a miƙe. In ya kwanta, ki ɗan ja ta da bakin allura a hankali. Ɗaya hanyar, ta sifirit, kin san ta, ba zan sake roƙonki ba. Amma in kin zaɓe ta, ba wanda zai ga laifinki, har Kawu.

Yaushe ne tashin?

'Yarki

*

'Yata Likita,

Ina gaishe ki daga sabon ɗaki. Ya jikin naki? Ki riƙa rufe ƙirjinki. Ni lafiya lau. Ɗakin a ƙasa yake, ba matakala, matar yayanki ta sa min labule mai ruwan ganye, ta ajiye keken ɗinkina kusa da taga. Yarinyar kirki ce. Gidanta tsaf, ko ƙuda ɗaya ba za ki gani ba, ta sa raga a ko'ina.

Wasiƙarki ta iso ana gobe za mu tashi. Ni na riga na sa a raina an gama, jiran suna kawai nake yi. Da na karanta na fita baranda, rana ta yi, ba kowa a bakin bokiti. Da ma sun ragu tun da ruwa ya ɗauke.

Da safe masu ɗaukar kaya suka zo da wuri. Ina baranda durƙushe da kwalba, ina jin su suna ja suna turawa. Can sai ga shi ya fito daga ƙarƙashin buhu, shi kaɗai, siriri. Na kifa kwalba, na zura takarda, na miƙe da ƙyar na nufi kicin. Likita, ba firiji. Shi suka fara saukarwa. Wurinsa kawai na gani a ƙasa, da ƙura da wani cokali da muka daɗe muna nema. Na buga ƙofar Uwar 'Yan Biyu, a kulle, ta kai yara makaranta. Direba yana ƙasa yana danna ham, ya tare wa mutane hanya.

Kwalbar sifirit ɗin da kawunki yake wanke cikin agogo da shi tana jakata, na ɗauko ta daga shago don ƙamshinta. Na fito da ita na ajiye a bakin taga kusa da ɗayar. Yayanki ya hawo yana haki, ya kalli kwalaben biyu, ya gane, don na karanta masa wasiƙarki. Ya ce, "Umma, in dai sunan ne, ga hanya. Ɗigo kaɗan ne. In ba za ki iya ba kawo in yi." Na miƙa masa. Har ya kama murfin. Shi kuwa ɗan tahalikin yana hawa gilashi yana fifita, ko a jikinsa. Na ce, "Tsaya." Ya ce, "Umma, mota." Na ce, "A barandar babanka aka kama shi. Ba ni."

Na gwada ɗaukarsa a haka ta cikin gilashi, ba sanyi ba komai. Bai tsaya ba ko sau ɗaya. Na buɗe murfin. Ya fito ya taka yatsana, ya bi har kan farce, ya tashi. Yayanki ya karɓi jakata, ya riƙe min hannu a matakala, abin da bai yi ba tun yana ɗan makaranta.

Don haka na bar gidan ban san sunan ba. Na ɗauka abin zai fi haka ciwo. Yana ciwo, amma ba inda na zata ba.

Muna shirin shiga mota sai ga Uwar 'Yan Biyu ta dawo. Muka rungume juna muna kuka, tana min faɗa wai ban jira ta ba. Na ce bokiti yana sama, sababbin masu haya za su zubar. Ta ce, "Su zubar da wa? Ni na rushe gari, ni zan gina." Ta hau da kanta ta jawo shi zuwa nata ɓangaren barandar, ina jin ta tun daga ƙasa tana tsine wa warin. Ta leƙo ta ce, "Amma ki sani, Yaya, ƙuda ba zai shiga firijina ba sai kina tsaye a wurin!" Mai furanni ya ce zai riƙa kai mata gwangwani. Mijinta ƙasar shuka aka ce masa.

Mota biyu ake hawa daga nan zuwa can. Yayanki ya ce ranar da ba shi da aiki zai kai ni da safe. Ba na jin za su dawo da yawa sai an sake ruwa, amma zan riƙa leƙawa. Madubin da robar suna cikin akwatin zarena. Alamar tambayar nan tana nan a wayar kawunki, ban goge ba. Ki ajiye sunayen nan biyu a wurinki, kada ki faɗa min ko ɗaya tukuna.

Saura hoton cinyar gaba, daga gefe, a miƙe. Ban ɗauka ba.

Innarki